Yadda ake amfani da kanel wajen gano tsari a cikin bayanai

Duk lokacin da ka sa kwamfuta ta rarrabe abubuwa, ko ta yi hasashe, ko ta zaƙulo wanda ya fita daban, akwai tambayar da sai an amsa mata tukuna: da me za ta gane cewa wannan ya yi kama da wancan? A dabarun kanel kai ne ke ba da amsar, a fili, cikin ƙa'idar lissafi guda. Ka ba ƙa'idar abu biyu, ta ba ka lamba ɗaya mai nuna yawan kamarsu. Wannan ƙa'ida ita ce kanel. Sauran aikin, wato ja iyaka ko hasashen adadi, lissafi ne da aka daɗe da warwarewa, kuma manhajoji na yin sa ba tare da ka sa hannu ba. Shi ya sa wannan jagora ta fi ba da ƙarfi a kan ma'aunin kamar da yadda za ka tabbatar bai yaudare ka ba.

Matsalar da ta kawo dabarar

Ɗauki masana'anta mai injuna da yawa. Kowane inji an maƙala masa na'ura biyu, ɗaya na auna zafi, ɗaya na auna girgiza. Lafiyayyen inji yana tsaka-tsaki a duka biyun. Mai matsala kuwa ko ya yi zafi fiye da kima, ko ya yi sanyi saboda wani sashe ya tsaya, ko girgizarsa ta haura, ko ta faɗi ƙasa ainun. Idan ka zana su a takarda, za ka ga lafiyayyu sun taru a tsakiya, masu matsala sun kewaye su ta ko'ina. Babu miƙaƙƙen layin da zai raba su, ko ta ina ka ja shi.

To amma ƙara siffa ta uku. Bayan ka mayar da tsakiyar ta zama sifili, ninka kowace lamba da kanta ka tara. Inji mai (0.2, 0.1) zai ba da 0.05, mai (-0.3, 0.2) ya ba da 0.13. Mai matsala da ke (1.1, -0.9) ya ba da 2.02, wanda ke (-1.0, 1.2) ya ba da 2.44. Yanzu rabuwar ta fito sarai: duk wanda ya haura 1, a duba shi. Bayanan ba su canza ba, fili muka ƙara musu, sai layi ya samu wurin ratsawa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A siffofi biyu abin da sauƙi. Hotunan lambobin rubutun hannu na MNIST kowanne yana da ɗigo 28 sau 28, wato siffofi 784. Idan kana son duk haɗin biyu-biyu, siffofi 307,720 ke nan. Haɗin huɗu-huɗu ya kusa biliyan 16, ga kowane hoto ɗaya tak. Babu wanda zai tsaya lissafa wannan.

Mafitar tana cikin wani abu da ake kira ninka-da-tara: ka ninka lambobin jeri biyu ɗaya bayan ɗaya, ka tara sakamakon. Ɗauki x = (1, 2) da z = (3, 1). Ninka-da-tara nasu 3 + 2 ne, wato 5. Ninka 5 da kanta, 25. Yanzu bi doguwar hanya: mayar da kowane jeri (a, b) ya zama (a², √2·ab, b²). Na farko ya koma (1, 2√2, 4), na biyu (9, 3√2, 1). Ninka-da-tara nasu 9 + 12 + 4, wato 25 ɗin dai. Ashe ka samu amsar faffaɗan filin ba tare da ka taka ƙafa cikinsa ba. Duk dabarar da ba ta buƙatar komai daga bayanai sai ninka-da-tara, za ka iya cire shi ka sa kanel a gurbinsa, nan take dabarar da layi kawai ta iya ta koyi lanƙwasa.

Tushen lissafin tsoho ne. James Mercer, masanin lissafi ɗan Ingila, ya kafa sharaɗin a 1909, Nachman Aronszajn ya shimfiɗa ka'idar sosai a 1950, kuma Aizerman da Braverman da Rozonoer sun yi amfani da ita wajen rarrabe siffofi a Mosko a 1964. Sai a 1992 abin ya karɓu, lokacin da Bernhard Boser da Isabelle Guyon da Vladimir Vapnik suka haɗa kanel da dabarar ja iyaka mai faɗin rata a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. Abin da ake kira SVM ke nan.

Mataki na farko: ware bayanan gwaji, ka manta da su

Kafin ka taɓa komai, cire kashi 20 cikin ɗari na bayanan ka ajiye gefe. Ba za ka kalle su ba sai a ƙarshe, sau ɗaya. Idan rukuni ɗaya ya fi ƙaranci, tabbatar rabon ya kiyaye yawan kowane rukuni a ɓangarorin biyu. Idan inji ɗaya ya ba da awo ɗari, duka ɗarin su faɗa ɓangare guda. In ba haka ba kwamfutar za ta gane injin ne kawai, ba matsalar ba, kai kuma ka ɗauka ta ƙware. Bayanan da ke bin lokaci kuwa, na baya ake koyo da su, a gwada da na gaba.

Tun yanzu kuma yanke shawarar abin da za ka auna. Idan kashi 2 cikin ɗari na injunan ne ke da matsala, tsarin da ke cewa "lafiya lau" ga kowa zai ci 98 cikin ɗari alhali bai tsinana komai ba. A irin wannan hali, abin dubawa shi ne masu matsala nawa ya kama, kuma lafiyayyu nawa ya yi wa ƙazafi.

Mataki na biyu: daidaita ma'aunin siffofi

A ganina wannan ne matakin da ya fi kayar da masu farawa, kuma mafi yawan ƙorafin "SVM ba ya aiki" daga nan yake. Kanel da yawa nisa suke aunawa, nisa kuma ba ruwansa da ma'anar lambobi. Inji ɗaya na da zafi 70 da girgiza 0.2, ɗaya na da zafi 72 da girgiza 0.8. Girgizar ta ninka huɗu, abin da kowane makaniki zai tashi tsaye a kai. Amma a lissafin nisa, bambancin zafi ya ba da 4, na girgiza ya ba da 0.36. Zafi ya danne girgiza don kawai lambobinsa manya ne. Da za ka auna girgizar da wani ma'auni mai manyan lambobi, sai labarin ya juya.

Maganin shi ne daga kowace siffa ka cire matsakaicinta, ka raba da gwargwadon bazuwarta, ta yadda dukkansu za su tsaya a sifili da bazuwa 1. A scikit-learn, wato tarin manhajojin koyar da kwamfuta na harshen Python, StandardScaler ne ke yin wannan. Sharaɗi guda: daga bayanan koyo kaɗai za a lissafa matsakaici da bazuwa, sannan a ɗora lambobin nan a kan bayanan gwaji. Hanya mafi aminci ita ce ka sa mai daidaitawar da SVM ɗin cikin Pipeline ɗaya, don a riƙa sake lissafin a kowane zagayen gwajin da za mu gani a mataki na shida, ba tare da sirrin bayanan gwaji ya zurara ba. Siffar da ke da 'yan lambobi masu girman gaske, kamar yawan ƙirge-ƙirge, gara ka ɗauki logaritim ɗinta tukuna. Siffar da ba adadi ba ce, kamar nau'in inji, ka ba kowane nau'i gurbinsa mai 0 ko 1. Idan ka ba su 1, 2, 3, ka gaya wa kanel cewa nau'i na uku ya fi nisa da na farko, kuma wannan ƙarya ce.

Mataki na uku: fara da kanel na layi

Shi ne ninka-da-tara tsurarsa, babu lanƙwasa. Gudanar da shi ka rubuta sakamakon, don shi ne mizanin da duk wani abu mai rikitarwa zai nuna ya wuce. Idan siffofinka sun kai dubbai, kamar a rarrabe rubutu inda kowace kalma siffa ce, sau da yawa a nan ma za ka tsaya, domin filin ya riga ya yi faɗi. LinearSVC, wato SVM na layi a scikit-learn, ya fi sauri nesa ba kusa ba a irin wannan aiki.

Mataki na huɗu: zaɓi kanel mai lanƙwasa, ka fahimci gama

Idan layi ya gaza, abin da za ka fara gwadawa shi ne kanel na Gaus, wanda manhajoji ke kira RBF. Ƙa'idarsa: k(x, z) = exp(-γ·d²), inda d² shi ne nisan da ke tsakanin abubuwan biyu an ninka shi da kansa, γ kuma, wato gama, lamba ce da kai za ka zaɓa. Abu biyu da suke daidai suna samun 1, kuma yayin da suke nisanta lambar na gangarowa zuwa sifili. Filin da wannan kanel ke wakilta ba shi da iyakar siffofi, amma lissafinsa layi ɗaya ne.

Gama ita ce ke cewa nisa nawa ne ya zama nisa. Koma kan (1, 2) da (3, 1), waɗanda d² ɗinsu 5 ne. Da gama 0.01, kamarsu 0.95: kusan tagwaye. Da 0.1, ta koma 0.61. Da 1, ta faɗo 0.007: baƙin juna. Abubuwa biyun ba su motsa ba, lamba ɗaya ka juya. Idan gama ta yi girma, kowane misali ba ya kama da kowa sai kansa, tsarin ya zama kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara: a tsoffin tambayoyi ya ci duka, a sababbi ya yi zuru. Idan ta yi ƙanƙanta, kowa ya yi kama da kowa, iyakar ta miƙe ta koma tamkar layi.

Ina za ka fara? scikit-learn na farawa da 1 a raba da yawan siffofi sau bazuwar bayanan. Idan ka daidaita ma'auni kuma siffofinka 20 ne, kusan 0.05 ke nan. Wata hanyar da na fi so, don tana sa ka kalli bayananka, ita ce ka ɗebi misalai ɗari kaɗan, ka lissafa d² tsakanin kowane biyu, ka ɗauki na tsakiyar jerin, ka sa gama ta zama 1 a raba da shi. Da haka matsakaicin nisa zai ba da kamar da ba ta kai 1 ba kuma ba ta mutu a sifili ba.

Akwai kanel na ninki, (x·z + c) a ɗaga zuwa daraja d, wanda muka ga ƙaninsa a sama. Yana da amfani idan ka san haɗuwar siffofi biyu ko uku ce ke da ma'ana. Daraja 2 ko 3 ta isa. In ka wuce haka lambobin kan kumbura ko su ƙanƙance har lissafin ya rikice. Kanel na sigmoyid kuma, wanda za ka gani a jerin zaɓi, ka bar shi: a yawancin saituna bai cika sharaɗin Mercer ba.

Mataki na biyar: kalli jadawalin kama da idonka

Mutane da yawa kan tsallake wannan, kuma shi ne mafi arha. Ɗebi misalai 200 ko 300, jera su rukuni-rukuni, lafiyayyu a farko, masu matsala a baya. Lissafa kanel tsakanin kowane biyu, ka samu jadawali mai layi 300 da ginshiƙi 300. Wannan jadawali, wanda ake kira na Gram, shi ne duk abin da dabarar ke gani. Ba ta san zafi ko girgiza ba. Zana shi da launi, mai haske ga babbar lamba, mai duhu ga ƙarama.

Idan ka ga siririn layi mai haske daga kusurwa zuwa kusurwa, sauran duk duhu, gama ta yi yawa. Idan ko'ina haske ne bai ɗaya, ta yi kaɗan. Abin da kake nema shi ne murabba'ai masu ɗan haske a inda rukuni ya haɗu da kansa, da ɗan duhu a inda ya haɗu da ɗayan. A misalin injunan, murabba'in lafiyayyu zai yi haske sosai, na masu matsala kuma zai fito dabbare-dabbare, domin wanda ya yi zafi bai yi kama da wanda ya yi sanyi ba duk da rukuninsu ɗaya. Wannan ba aibi ba ne, bayani ne. Idan kuma ka ga layi ɗaya baƙi wuluk ya ratsa jadawalin, je ka duba wannan misali: galibi na'ura ce ta yi kuskuren awo, ko an rubuta 999 a gurbin da babu bayani. Idan ka juya gama sama da ƙasa babu wani tsari da ya bayyana ko kaɗan, da wuya SVM ya ƙirƙiro shi. Koma kan siffofinka.

Mataki na shida: nemo C da gama tare

SVM na neman iyakar da ta bar rata mafi faɗi tsakanin rukunonin. A 1995 Corinna Cortes da Vapnik suka sassauta sharaɗin, suka bar wasu misalai su keta ratar amma a ci su tara. C ita ce nauyin tarar. Babbar C na nufin kada a yi wa kowane kuskure uzuri, sai iyakar ta riƙa karkacewa don ta kewaye kowane misali, har da gurɓatattu. Ƙaramar C na yafe kurakurai, iyakar ta yi sumul. Idan kana zargin akwai misalan da aka sa wa alamar rukuni ba daidai ba a bayananka, ka karkata ga ƙaramar.

Ba a saita ɗaya a bar ɗaya, domin suna jan juna. Ana amfani da gwajin karɓa-karɓa: a raba bayanan koyo kashi biyar, a koya da huɗu a gwada da ɗaya, a juya har kowane kashi ya samu nasa zagayen, a ɗauki matsakaici. Masu manhajar SVM da ake kira LIBSVM, na Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, rukunin Chih-Jen Lin, sun ba da shawarar a gwada C daga 2 mai daraja -5 zuwa 2 mai daraja 15, gama kuma daga 2 mai daraja -15 zuwa 2 mai daraja 3, ana ninkawa huɗu a kowane taki. Haɗi 110 ke nan, sau biyar, koyo 550. Lura da cewa ninkawa ake yi, ba ƙari ba: tsakanin C = 10 da C = 11 babu wani abin a zo a gani, tsakanin 10 da 100 akwai. GridSearchCV zai yi maka zagayen. In bayanan na da yawa, yi binciken farko da kashi kaɗan, sannan ka matse a yankin da ya yi kyau.

Kada ka karɓi lambar da ta zo ta ɗaya ido rufe. Zana sakamakon duka haɗin. Yawanci za ka ga wani kwari a karkace, inda ƙaramar gama da babbar C ke ba da kusan abin da matsakaiciyar gama da matsakaiciyar C ke bayarwa. Zaɓi daga tsakiyar yankin mai kyau, ba wani tsibiri da ya yi fice shi kaɗai ba, kuma idan biyu sun yi kunnen doki ɗauki mai ƙaramar C, don ya fi saurin koyo kuma iyakarsa ta fi sumul. Idan wanda ya yi nasara yana bakin iyakar bincikenka, faɗaɗa binciken. Ga rukunin da ya yi ƙaranci, sa class_weight ya zama balanced, don tarar kuskure a kansa ta fi nauyi.

Mataki na bakwai: karanta abin da ya fito

Bayan koyo, SVM na riƙe wasu misalai ne kawai, waɗanda ke bakin ratar ko suka keta ta. Su ne madogara, kuma da su kaɗai ake yanke hukunci a kan sabon abu: a auna kamarsa da kowane madogari, a ninka da nauyinsa, a tara. Duba yawansu. Idan cikin misalai 2,000 madogara 300 ne, da kyau. Idan 1,900 ne, ko dai gama ta yi yawa ana hadda, ko rukunonin sun cakuɗe ƙwarai, ko C ta yi ƙanƙanta har ratar ta haɗiye kowa. Akwai dalilin lissafi a nan: cire misalin da ba madogari ba ne ba ya canza iyakar, don haka kuskuren gwajin cire-ɗaya-ɗaya ba zai wuce kason madogara ba. Yawansu kuma shi ke ƙayyade saurin hasashe, abin da zai dame ka in tsarin zai zauna a ƙaramar na'ura.

Lambar da SVM ke fitarwa nisa ce daga iyaka, ba yiwuwa ba ce. Kada ka ce wa mai kula da injuna "kashi 80 cikin ɗari zai lalace" daga wannan lamba. John Platt ya kawo hanyar mayar da ita yiwuwa a 1999, amma tana buƙatar nata gwajin karɓa-karɓar, kuma a ƙananan bayanai ba ta da tabbas sosai.

Sai yanzu za ka buɗe kashi 20 ɗin da ka ajiye. Abin da ya fito shi ne sakamakonka. Idan ka koma ka gyara saiti saboda abin da ka gani, bayanan sun daina zama na gwaji.

Idan bayananka ba jerin lambobi ba ne

A nan ne kanel ya fi burge ni. Tunda dabarar jadawalin kama kawai take gani, ba dole ne abubuwan su zama lambobi ba. Ɗauki jerin ƙwayoyin halitta biyu, ACGTAC da TTACGA. Yanka kowanne gutsure mai harafi uku. Na farko: ACG, CGT, GTA, TAC. Na biyu: TTA, TAC, ACG, CGA. Sun yi tarayya a ACG da TAC, kanel ɗinsu 2. Christina Leslie da Eleazar Eskin da William Noble sun yi amfani da wannan a 2002 wajen rarrabe dangin furotin, inda haruffa 20 ke ba da gutsure 8,000 masu harafi uku. Dogon jeri zai riƙa samun manyan lambobi don tsawonsa kawai, saboda haka a raba k(x, z) da tushen k(x, x) sau k(z, z). A misalinmu 2 a raba da 4, wato 0.5. Haka ake gina kanel na rubutu, na bishiyar nahawu, da na siffar sinadarai inda ake ƙirga ƙananan sassan da suka yi tarayya.

Ba kowane ma'aunin kama ne kanel ba. Dole k(x, z) ya yi daidai da k(z, x), kuma jadawalin kada ya samu darajar aigen (wasu lambobi ne da manhaja ke lissafowa daga jadawalin) da ke ƙasa da sifili, ko da wane misalai aka gina shi. Wannan sharaɗi ne ke tabbatar da cewa matsalar na da mafita mafi kyau guda da za a iya kaiwa gare ta, ba ramuka da yawa da za a maƙale a ciki ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka yi gini da tubalan da aka riga aka tabbatar: jimlar kanel biyu kanel ce, ninkinsu ma haka, haka kuma ninka kanel da lambar da ta haura sifili. Idan kowane inji na da awon na'ura da kuma rubutun rahoton makaniki, sa RBF a kan awon, kanel na rubutu a kan rahoton, daidaita kowanne, ka tara su da nauyin da gwajin karɓa-karɓa zai zaɓa. SVC, wato SVM ɗin scikit-learn, na karɓar jadawalin da ka lissafa da kanka idan ka sa kernel ya zama precomputed. Kafin ka miƙa shi, lissafa darajojin aigen. 'Yar lambar da ta ɗan sauka ƙasa da sifili kuskuren kwamfuta ne; babba kuwa alama ce ma'auninka bai cika sharaɗi ba.

Jadawalin nan ɗaya yana wasu ayyukan. Don hasashen adadi, kamar sauran kwanakin da inji zai yi kafin gyara, akwai hasashen rij mai kanel, wanda nauyinsa ke fitowa daga warware (K + λI)α = y, inda K ke nufin jadawalin, I jadawali mai 1 daga kusurwa zuwa kusurwa da 0 a sauran gurabe, y adadin da aka riga aka sani, α nauyin da ake nema, λ kuma ke hana hadda. Don ganin fasalin bayanai ba tare da alamomi ba, akwai PCA mai kanel, dabarar taƙaita siffofi zuwa 'yan kaɗan, da Bernhard Schölkopf da Alexander Smola da Klaus-Robert Müller suka fitar a 1998. A misalinmu zai iya ware zoben waje daga dunƙulen tsakiya. Idan kuma lafiyayyun injuna kaɗai kake da bayanansu, SVM mai rukuni ɗaya zai zagaye su, ya yi ƙararrawa ga duk wanda ya faɗo waje.

Inda bayanai suka yi yawa

Jadawalin na girma da ninkin yawan misalai da kansa. Misalai 10,000 na nufin gurbi miliyan 100, kowanne bait 8, megabait 800 ke nan. Misalai 100,000 na cin gigabait 80. LIBSVM ba ya ajiye jadawalin duka, yana lissafa abin da yake buƙata ya riƙe kaɗan, bisa dabarar SMO da Platt ya kawo a 1998, amma lokacin koyo na haurawa tsakanin yawan misalai a ɗaga zuwa daraja biyu da zuwa daraja uku. Ninka bayananka goma, jiranka ya ninka ɗari ko fiye. Ƙara cache_size daga megabait 200 da yake farawa da shi kan rage jiran sosai.

Idan ka wuce dubu hamsin ko makamancin haka, koma ga kimantawa. Hanyar Nyström, wadda Christopher Williams da Matthias Seeger suka shigo da ita fagen a 2001, na zaɓar wasu misalai a matsayin turaku, a siffanta kowa da kamarsa da su. Ta Ali Rahimi da Benjamin Recht ta 2007 kuma na ƙirƙirar siffofi ta hanyar ƙuri'a, waɗanda ninka-da-taransu ke kusantar RBF. Duka biyun suna cikin scikit-learn, Nystroem da RBFSampler, kuma bayansu sai ka ɗora dabarar layi mai sauri. Fara da siffofi 500, ninka zuwa 1,000 da 2,000, ka tsaya inda ƙarin ya daina biyan wahalarsa. Da adadi ɗaya, Nyström kan fi kusantar gaskiya, saboda turakunsa daga bayananka suke.

Ga ɗanyen hoto ko sauti mai yawa, kada ka wahalar da kanka. Tun gasar gane hotuna ta ImageNet ta 2012 manyan tsare-tsaren jijiyoyi, wato tsare-tsaren kwamfuta masu matakai da yawa da aka kwaikwayo daga ƙwaƙwalwa, suka karɓe wannan fage, domin suna koyon ma'aunin kamar da kansu daga bayanai, alhali RBF a kan ɗigon hoto zai ɗauki hoto ɗaya da aka ɗan gusa gefe a matsayin baƙo. Amma idan hotunanka ɗari biyar ne kacal, ratsa su ta tsarin jijiyoyin da aka riga aka horar, ɗauki lambobin da ke fitowa daga matakinsa na kusa da ƙarshe, daidaita ma'auninsu, ka ɗora SVM a kai.

Lokacin da za ka kai tsarin wurin aiki, ajiye Pipeline ɗin gaba ɗaya, da mai daidaita ma'aunin a ciki, tare da lambar sigar manhajar da ka yi koyo da ita. Sa kuma a riƙa rubuta kamar kowane sabon awo da madogarin da ya fi kusa da shi. RBF ba ya hasashen abin da ke nesa da duk abin da ya taɓa gani: kamar na faɗuwa sifili, hukuncin ya koma wata tsayayyiyar lamba da ba ta da alaƙa da injin da ke gabanka. Idan ka ga wannan kama tana raguwa mako bayan mako, ko an canza na'urar awo ko yanayin aikin ya sauya, sai a tattaro sababbin misalai a sake koyo daga mataki na farko.